Azumin da Inna Ta Wanke Mota

Bana azumi ya faɗo tsakiyar damina, tun ranar da aka ɗauka sama ba ta huta ba. Ina zaune a unguwar Makepe, nan Duwala, gidan jikana Nasiru, wanda ya je ya ɗauko ni daga unguwarmu ta New Bell wai kada sanyi ya kama ni a tsohon gida. Ni da sanyin New Bell mun san juna tun kafin a haifi uwarsa, amma wa ke musu da mai mota? Daga tagar bene nake kallonsa kullum da hantsi yana zagaya motarsa yana tsaki, don fentin samanta ya fara ɗayewa kamar fatar wanda ya ƙone. Na ce masa, angona, a samo tsumma a goge mana. Dariya ya yi, ya ce fentin yanzu hawa biyu ne, launi a ƙasa, wani abu mai kama da gilashi a sama, in na saman ya tashi sai dai a kai gareji a sake fesawa. Na ce to, Allah ya kyauta. A zamaninmu fenti ɗaya ne, launin da ka gani a sama shi ne har ƙasa, kuma in ya mutu ana iya farfaɗo da shi. Na sani, don da hannuna na farfaɗo da wani, cikin azumi irin wannan.

Zamanin Faransawa ne, babban yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba. Ni a New Bell aka haife ni. Kakana ne ya zo daga Kano da fataucin goro, ya ga teku, ya ce nan tafiya ta ƙare. Lokacin da nake ba da labari mahaifina ya rasu, ƙannena maza sun watse neman abinci, ni kaɗai na rage wa Inna a garin. Ɗakinta na bayan namu, lungu ɗaya ya raba mu. Ni ce 'yar fari a wurinta, kuma Inna tana cikin masu riƙe wannan kunya da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce min, in tana zancena da wasu ta ce "waccan". In aka yabe ni a gabanta sai ta tashi ta shiga gyara wuta. Yaran yanzu in uwa ba ta rungume su ba sai su ce ba a son su. Mu da haka muka tashi, ba mu kuma rame ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin Banyo ne, can arewacin Kamaru. Duk unguwa Shofa ake ce masa, wato direba, ni ma shi zan kira shi da shi a nan tunda bakina bai saba da ainihin sunan ba. Ya daɗe yana tuƙa wa wani Bature ɗan Girka mota, da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wata tsohuwar akori-kura da ba wanda ya taya. Ta shafe shekarun yaƙi a tsaye a bayan shago kusa da bakin ruwa, ba mai, ba taya, rana na gasa ta, iskar gishiri na lasar ta. Inji kam lafiyarsa ƙalau, don Shofa ya fi kula da shi a kan cikinsa. Jikin ne abin tausayi. An ce da ja ce, amma ranar da ya shigo da ita lungunmu launinta kamar an kwaɓa farar ƙasa da ɗan jan kanwa. In ka jingina da ita sai ka tashi da gari a riga. Yaran unguwa suka sa mata suna Mai Hoda.

Mota ba aiki kuwa baki ce da ke ci ba ta kawowa. Ana cikin haka fataken goro suka zo da saƙon yayan Shofa daga Banyo: ga gonar mahaifinsu ba mai nomawa, in Duwala ta ƙi, ya tattaro iyalinsa ya dawo gida. Shofa ba mai ja da na gaba ba ne. Ya aika cewa in ƙaramar Salla ta wuce bai sami tsayayyen aiki ba, da hanya ta buɗe za mu taho. Ya faɗa min da yamma yana kallon ƙasa. Banyo a lokacin ba wurin da za ka je ka dawo ba ne. Na san in na tafi, ni da Inna sai a lahira. Da na je na gaya mata, tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce mace ai bin miji take, ta kuma tambaye ni ko na ga kazarta a hanya. Na dawo gida ina jin haushinta har wuya.

Ƙofa ɗaya ce ta ɗan buɗe. Akwai wata Bafaranshiya mai kantin nama a Bonanjo, unguwar Turawa, tana neman motar da za ta riƙa ɗauko mata nama daga mayanka kowace safiya. Mahautan unguwarmu suka yi wa Shofa hanya. Ya wanke mota, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi. Madam ta fito, ta saurari inji ta gyaɗa kai, sannan ta ɗora hannu a jikin motar tana magana. Da ta ɗaga, tafin hannunta da bakin farar rigarta duk sun yi ja-ja. Ta ce naman da za a ci ba zai hau motar da ke zubar da gari ba, ya je, ranar da farin ƙyalle ya bi jikinta ya fito fari, ya dawo.

Kowa zai ce a sake fenti mana. To, a daminar Duwala? Ruwan garin nan ba irin na arewa ba ne da zai zo da tsawa ya wuce. Zama yake yi. Sai a wayi gari a kwana ba a ga rana ba. Lungunanmu suka zama rafi, mutane na tafiya kan katako da bulo, kwaɗi na kuka da tsakar rana. Gidajenmu na katako ne da rufin ganyen tukurwa, kowane ɗaki da kwanukan tarar yoyo. Gishiri ya narke a cikin kwalba, ashana ta ƙi kamawa sai ka ɗumama ta a hammata, zanen da ka shanya yau sai ya yi warin fumfuna kafin ya bushe. Hanyar arewa ta yanke, gero ya ɓace daga kasuwa, muka koma kunun masara da makabo, wannan gwazar tasu, da busasshen kifi in an samu. Ƙishirwa ba ta dame mu ba a wannan azumi, yunwa ce mai sanyi take shiga har ƙashi. Faɗuwar rana ma ba a gani, sai dai a kasa kunne ga ladan. Fentin mota kuwa bayan yaƙi ko a shagon Turawa sai wanda ya san wani. Wani maƙwabcinmu ya samo fentin jirgin ruwa ya shafa wa amalankensa da burushi, har Salla bai bushe ba, ƙudaje da gashin kaza duk sun manne a jiki. Shofa ya gani ya ce gara Mai Hoda da wannan.

Ni ƙosai nake soyawa na sayarwa gab da shan ruwa, a ƙarƙashin rumfar da aka kafa wa motar a ƙofar gida. Wata rana santsi ya kwashe ni, na dafa murfin injin da hannu duk man gyaɗa. Da na ɗaga, sai ga shatin yatsuna biyar, ja wur, kamar barkonon da aka tsinko yanzu. Na tsaya ina kallo har ƙosai ya ƙone. Ashe jan yana nan, bai je ko'ina ba.

Shofa da ya gani ya ce lallai ya tuna, ɗan Girka yana da wani gwangwani da ake goga wa mota, abu mai ɗan gari-gari, yana cire mataccen fenti ya bar mai rai. Gwangwanin ya tafi da mai shi. Mai kawai ba zai yi ba, mun gwada, ruwa ɗaya ya wanke shi, garin ya dawo. Muka gwada toka a ɓoyayyen wuri can ƙasa, ta bar zane-zane. Daga nan na tuna da kalaba, farar ƙasar nan mai laushi da mata masu ciki ke ci. Na je kasuwa na sayo mai yawa, har mai sayarwar, wata 'yar Duwala mai bakin tsiya, ta leƙa cikina ta ce 'yan uku ne ko 'yan huɗu. Na daka ta, na niƙa, na tankaɗe ta cikin tsohon kallabi har sai da ta zama kamar hodar jarirai, muka kwaɓa da ɗan kananzir. Wani baduku maƙwabcinmu ya ba mu kakin zuma na Adamawa, irin wanda yake goga wa zare da fata, ya nuna mana yadda ake narka shi da kananzir ya yi taushi.

Haka muka sami aikin azuminmu. Bayan asuba in an ɗan runtsa, Shofa ya wanke wurin da za a yi da ruwan sama da sabulun salo, a jira ya tsane. Ba a kama wuri babba, faɗin faifai ya isa. A lakato kalaba da tsumma mai laushi, a riƙa zagayawa a hankali, ba danna ba. Tsumman farko yakan fito da fari-fari, na biyu ya fara ja, kuma a nan hankali yake, don jan da ke kan tsumma daga jikin motar ya fito, ba a mayar da shi. Fentin bai fi kaurin ɓawon albasa ba. Da ka ga wurin ya yi duhu ya fara ɗaukar ido, ka tsaya. Gefe-gefe da kan ƙusurwa kuwa shafa ɗaya ake yi a wuce, nan ya fi sirantaka. Sannan a goge tas, a shafa kaki, a bar shi ya yi hazo, a murza da busasshen zane. Busasshen zane a wannan wata ya fi nama wuya, a kan murhu muke shanya su, shi ya sa motar ta daɗe tana ƙanshin hayaƙi da zuma.

Kafin azahar hannu ya mutu, warin kananzir ga cikin da ba komai ya sa kai juyawa. Sai mu zauna a kan benci muna kallon abin da muka yi, ruwa na dukan rumfa. Ban taɓa zama da Shofa haka ba tun da aka kawo ni gidansa. Mutum ne mara magana, amma a bakin motar nan ya ba ni labarin duwatsun Banyo da rafin da ya koyi iyo, har na fara tunanin garin ba zai yi muni ba, in da za a ɗauki Inna a kai min can. Da la'asar in koma kan ƙosai, shi ya tafi masallaci da jan farce.

Da azumi ya raba tsakiya matan lungu suka ga abin na yi ne, suka kawo mana gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ta zo da tsummanta, na nuna musu, aka jeru a gefen motar ana zagayawa ana hira. Kowa ta tashi da jan tafin hannu, ana cewa bana an huta da sayen lalle. Masu wucewa suka riƙa tsayawa cikin ruwa suna kallo, rabin mota amarya, rabi tsohuwa. Yara suka rasa sunan da za su kira ta. Inna kaɗai ba ta zo ba. In ta bi ta lungun sai ta kau da kai, ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa mace da mota ba.

Ana cikin goman ƙarshe, saura ƙofar direba kaɗai, muka bar ta don ita ce ta fi shan rana. Ran nan da hantsi na tafi famfo ɗibar ruwan sha, na tarar da layi. Ina tsaye sai ga Shofa a guje, ba hula, taɓo har gwiwa. Mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri. Ya tsaya yana haki ya ce, "Ki zo. Inna ce. Tana wanke mota."

Abin da ya faru, ya fito daga ɗaki ya tarar da ita a durƙushe a bakin ƙofar motar, da ƙwaryar yashin da take dirje tukwane da sosonta. Ga shi suruki. Tun da ya aure ni bai taɓa haɗa ido da ita ba, in ya hango ta a hanya lungu yake canzawa, gaisuwa ma daga bayan zana yake durƙusawa ya yi. Yaya zai buɗe baki ya ce wa surukarsa ta bari? Ya yi gyaran murya, ba ta juyo ba. Ya sake yi, ta ɗauka gaisuwa ce ta amsa da lafiya lau. Shi ne ya zabura neman wadda za ta iya magana, kuma famfo ba kusa ba.

Kafin mu iso aikin gama ya gama. A tsakiyar ƙofar ga wuri kamar faɗin faranti, fari fat, ƙarfe tsirara yana walƙiya. Inna a duk New Bell an san ta da tukwane, gindin tukunyarta kana iya duba fuskarka. A wurinta abu bai wanku ba sai ƙarfe ya fito. Ta miƙe tana riƙe da ƙugu, ta ce wa iska, ba ni ba, "An yi ta shafe-shafe kamar masu lallashin jariri. Ga yadda ake wanki."

Garin gyaran gira an taɓa ido. Na ji kamar in zauna a taɓo in yi ta ihu. Da ƙyar na haɗa kalmomin, na ce mata jan shi ake nema, ba ƙarfen ba, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ta kalli ƙofar, ta kalli sauran jikin motar, na ga lokacin da abin ya shige ta. Ta juya ta tafi cikin ruwa, ta bar ƙwaryar da soson a nan.

Da na sunkuya zan ɗauke su ne na ga jini a jikin soson. Tsohuwa, da azumi a bakinta, ta faki idona ta zo ta dirji ƙarfe har yatsunta suka fashe. Matar da ta ce mace bin miji take. Nan haushin ya zube, na zauna a kan benci na yi kukan da ban yi ba ranar saƙon Banyo. Ban taɓa sanin tana so in zauna ba sai ranar, kuma a ranar ce na ga kamar ta kore ni da hannunta.

Washegari wurin ya wayi gari da tsatsa, rawaya-rawaya, don ƙarfe tsirara ba ya kwana lafiya a Duwala. Muka goge da kalaba muka cika shi da kaki. Muka gama sauran ƙofar a hankali, jan ya fito kewaye da farin, sai ma ya ƙara tona shi. Wani ya ce a shafa jan ƙasa, wani ya ce a rataya buhu a kai. Shofa ya ce jan ƙasa zai fito a ƙyallen Madam, buhu kuwa za ta ɗaga. Ko sau ɗaya bai ambaci Inna ba, ni ma ban ga ƙeyarta ba har kwanakin suka ƙare.

Ranar jajibere ya tafi Bonanjo. Na wuni ina soya cincin ɗin Salla, ina ƙona rabi. Bayan la'asar na ji ƙarar injin a bakin lungu, yara na bin ta da gudu. Ya sauko, ya wanke ƙafa, sai da ya zauna tukuna, don shi ba a gaggauta shi. Ya ce Madam ta fito da farin ƙyalle ta bi motar tun daga gaba har baya, ƙyalle ya fito fari. Da ta zo ƙofar direba ta tsaya, ta sa yatsa a kan tabon ta tambayi mene ne wannan. Ya ce ya so ya ce karo ya yi, sai ya tuna da azumi a bakinsa. Ya gaya mata surukarsa ce ta wanke da yashi, shi kuma a al'adarmu ba ya iya hana ta. Madam ta sa ya maimaita. Sannan ta yi dariya har ta dafa motar, ta kira mijinta daga cikin kanti ta ba shi labari, ta ce ita da za ta sami surukin da zai yi mata shiru haka da ta gode Allah. Ta ce gidan da ake wanki har ƙarfe ya fito, nama zai iya hawa motarsu. "Se bon," in ji ta, wato ya yi kyau. Ta ce ya fara aiki kashegarin Salla.

Ko mayafi ban tsaya ɗauka da kyau ba, na bi ta taɓo zuwa ɗakin Inna. Na same ta a bakin murhu, yatsu biyu ɗaure da tsumma. Na ce an ba shi aikin, ba za mu tafi ba. Ta tura itace cikin wuta, ta daɗe tana hurawa, alhali wutar na ci.

"To," ta ce. Can kuma ta ƙara, "Wurin nan zai yi tsatsa in ba a kula ba. Ke ba ki iya komai da safe. Ki riƙa ajiye min kakin a bakin rumfa."

Tun daga kashegarin Salla, kafin Shofa ya fita mayanka, sai ga Inna da ɗan tsummanta. Shi ya shige ɗaki ya ba ta wuri, ita ta durƙusa ta shafa wa tabonta kaki, ta murza har ya yi ƙyalli. In motar ta tafi sai ta ce ƙafarta na ciwo, bari ta ɗan zauna. In dama mata kunu, mu zauna a bencin nan har rana ta ɗaga, ba ta kallona, tana ba ni labarin kajinta. Motar ta yi shekaru tana ɗaukar nama, daga baya tsatsa ta cinye ƙasanta da bayanta, amma ba ta sake samun wurin nan ba. Ko da motar ta daina tashi aka jingine ta, Inna ba ta fasa zuwa ba. Har ta bar duniya, a kan cinyata, in aka tambaye ta ina za ta da sassafe haka, cewa take za ta duba mota.